Me ya sa dattijo ke kauce wa mai kura?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an koya muku yaro ne ke bai wa babba hanya, amma a kasuwar Singa ka ga dattijo mai furfura ya raɓe jikin shago don wani matashi mai tura kura ya ce "gafara dai". Kana tambaya ko rashin ɗa'a ne. A'a. Tun tasowarmu a Kano, mai kaya ake bai wa hanya, ko da sa'an jikanka ne, kuma dalilin yana cikin darasin kimiyyar da kake yi a makaranta.

Masanin kimiyya Isaac Newton na Ingila ya wallafa ƙa'idar a 1687: ƙarfin da ake buƙata don canja gudun abu shi ne nauyin abu sau saurin canjin gudunsa. Tsayawa ma canjin gudu ce, a nan mutane ke mantawa.

Ɗauki kura da buhun shinkafa 10, kowanne kilo 50. Kilo 500 ke nan, ban da nauyin kurar. Yaron yana gangarowa da gudun mita 2 a daƙiƙa, sai ka tsaya masa a gaba, dole ya tsayar cikin daƙiƙa ɗaya. Sai ka ninka 500 sau 2, ka sami newton 1,000 (newton ma'aunin ƙarfi ne), kusan kamar a rataya masa buhu biyu a hannu farat ɗaya. Ka dubi ƙafarsa a lokacin, silifas na zamewa a ƙasa, jijiyoyin wuya sun tashi, ga gumi. Da ya hango ka daga nesa ya sami daƙiƙa 4, newton 250 sun ishe shi. Shi kuwa dattijon, taku ɗaya ne zuwa gefe.

Iyayenmu ba su yi wannan lissafi a allo ba, amma sun san jakin da aka ɗora wa mangala a lungunan Kurmi ba ya tsayawa nan take. Shi ya sa al'adar ta ɗora wa mai kayan nasa haƙƙin: ya yi gafara tun daga nesa, da murya mai ladabi, in ya wuce ya ce "sannu Baba". Wanda ya bari sai ya zo dab da mutum sannan ya daka tsawa, shi ne ya yi rashin ɗa'a, kuma in ka ga haka ka yi masa magana.

Ka lissafa mini na ɗan ga-ruwa mai jarka 12, kowacce lita 25. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka gaida mahaifiyarka.