Tsawa ta ƙona rauta duk da soket mai kariya

Tambaya: Malam, na sayi soket mai kariya daga hauhawar wuta, na jona rauta (na'urar rarraba intanet) da kwamfuta. Ranar da aka yi tsawa rautar ta ƙone, shi kuwa soket ɗin lafiyarsa lau. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Ba lallai ba ne, Malam. Mai yiwuwa tsawar ce ta riga kariyar farkawa.

A cikin irin waɗannan na'urori, musamman a bakin wayar intanet, akan samu wani ɗan bututun tangaram kamar ƙwayar gyaɗa, an kulle iskar argon ko neon a ciki tsakanin ƙarafa biyu. Iska ba ta wuce da lantarki sai ƙarfin wuta ya kai wani mizani. A nan ne ƙwayar ilektiron ɗaya za ta bugi ƙwayar iska ta fizgo wata, biyu su zama huɗu, har tartsatsi ya buɗe hanya wutar ta zurare ƙasa. Iskar da muke shaƙa tana karyewa, wato ta bar wuta ta wuce, a wajen volt 3,000 kan kowace milimita. Ɗan tartsatsin da ke cizon yatsa a hannun ƙofar mota da hunturu ke nan.

Sai dai wannan karyewar tana cin lokaci. Dole a samu ilektiron na farko, sannan ya hayayyafa. Bututun da aka rubuta wa volt 90 zai kama a wajen 90 idan wutar ta hau a hankali. Idan ta hau da volt 1,000 cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, kamar yadda tsawa take yi, sai ta kai volt 500 ko 600 kafin ya kama. Kayan cikin rauta kuwa da volt 3.3 ko 5 suke aiki. Shi ya sa na'ura mai kyau take da matakai: bututun ya ɗauki babban kaya, a bayansa rizisto mai rage gudun wuta, sai wani ɗan ƙaramin sashe mai saurin kamawa da ake kira dayod ya tare abin da ya kuɓuce.

Ka duba ko soket ɗin bango yana da wayar ƙasa ta gaske, don in babu, kariyar ta rage ƙarfi sosai. Tsawar ma tana iya shigowa ta wayar eriya, ba ta soket ba. Hadari na haɗuwa, ka zare filogi da wayar duka.

Tambaya: Man taransifoma ma haka yake karyewa?

Amsa: Kusan haka, amma ya fi iska juriya nesa ba kusa ba. Ana gwada shi tsakanin ƙarafa biyu masu tazarar milimita 2.5, kuma sabon mai ya kamata ya jure aƙalla volt 30,000. Danshi da datti ne ke kashe shi, domin suna jeruwa su zama gada. Bugu mai sauri ba ya ba su damar jeruwa, don haka man yakan jure fiye da haka. Ko tataccen ruwa yana tare wuta na ɗan wannan ƙiftawa, har ana amfani da shi a manyan injinan bincike.