Asibitin ido ya fallasa ciwona ga dangin wanda zan aura, me zan yi?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni budurwa ce a Kano, saura wata biyu bikina. Idona ne ya riƙa yi min hazo-hazo, sai na je wani asibitin ido mai zaman kansa don a yanka min gilashi. Likitan ya ɗiga min magani ya duba cikin idon, sai ya ce in je a gwada min suga. Da sakamako ya fito aka ce ina da ciwon suga, har ya fara taɓa bayan idon. Ban faɗa wa kowa ba sai mahaifiyata. Ba a yi sati ba sai ga mahaifiyar wanda zan aura ta aiko tana tambayar ciwon da ake ɓoye musu. Da muka bincika sai muka gane wata ma'aikaciyar ɗakin kati a asibitin maƙwabciyarsu ce. Daga baya kuma yayan saurayin, wanda shi ya biya kuɗin ganin likita da na gilashin, ya je da kansa ya tambaya, aka yi masa bayani. Shin suna da ikon yin haka tunda shi ya biya? Me zan iya yi? Gaskiya na yanke shawarar daga yau ba zan sake faɗa wa likita komai ba sai abin da ya kai ni.

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sanya albarka a wannan aure.

Ba su da wannan iko, ko kaɗan. Wanda ya biya kuɗin magani rasit kawai yake da hakki a kai. Abin da likita ya gani a idonki, da abin da kika faɗa masa, da sakamakon gwajin jininki, duk naki ne, asibiti ajiya kawai yake yi. Ko mijinki ne bayan an ɗaura aure, ko mahaifinki, tunda ke baliga ce mai hankali, sai da yardarki za a buɗe musu fayil ɗinki, balle yayan saurayi.

Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatanmu, suna ɗaukar asibitin ido kamar ba wurin sirri ba ne. A ganinsu me za a ɓoye a lambar gilashi? Abin da ya faru da ke ya isa amsa. Bayan ido shi ne wurin da likita ke kallon jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da an yanka fata ba. Idan muka ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido muka haska, muna iya ganin alamun ciwon suga, hawan jini, sikila, tarin fuka, tunjere, har da cututtukan da ke kama mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Kumburin jijiyar gani yana iya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa. Hawan jinin ido, wato gilakoma, yana bin dangi, haka wani nau'in dundumi da ake gado. Ke nan takarda ɗaya a fayil ɗin ido tana iya taɓa auren mutum, aikinsa, lasisin tuƙinsa, har da auren ƙannensa da ba su taɓa taka ƙofar asibitin ba.

Doka kuma ba ta bar wannan ga ganin damar ma'aikaci ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin sirrinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ce ta fito da maganar asibiti ƙarara. Sashe na 26 ya ce duk bayanin da ya shafi mara lafiya, da halin lafiyarsa, da maganin da aka yi masa, da zamansa a asibiti, sirri ne. Lura da wannan na ƙarshe: ko cewa "ai na gan ta a asibitinmu jiya" bai halatta ga ma'aikaci ba. Sashen ya bar ƙofofi kaɗan ne. Idan mara lafiya ya amince a rubuce; idan kotu ko wata doka ta tilasta; idan yaro ne kuma iyaye ko mai riƙonsa suka nema; idan mutum ba ya cikin halin da zai iya ba da izini sai wakilinsa ya nema; sai kuma idan yin shiru babbar barazana ce ga lafiyar jama'a, irin abin da ya sa ake kai rahoton zazzaɓin Lassa ko kwalara ga hukuma. Ciwon suga ba ya yaɗuwa, ke ba yarinya ba ce, kuma ba ki sa hannu a kan komai ba. Babu ƙofar da yayan saurayinki zai shiga ta cikinta.

Sashe na 29 na wannan doka ya ɗora wa shugaban asibiti alhakin tsare fayiloli da wurin ajiyarsu. Wanda ya gaza yin haka, ko ya buɗe fayil ko ya kwafa ba da izini ba, yana iya fuskantar ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun. A watan Yunin 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar kare bayanan jama'a, wato NDPC. Ta sanya bayanin lafiya cikin rukunin bayanan da ake ba kariya ta musamman, kuma ta shafi na kwamfuta da na takarda baki ɗaya, don haka asibitin da har yanzu folda yake amfani da ita ba zai ce ba ta hau kansa ba. A ƙarƙashinta kina da hakkin neman kwafin bayananki, da sanin waɗanda aka ba su, da sa a gyara kuskure.

Wani zai iya kawo miki maganar dokar gwajin lafiya kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a 2024. Wannan doka ta wajabta wa masu shirin aure gwaje-gwaje irin na jinin sikila, ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, su biyun su je da saninsu su karɓi takardar shaida. Ba ta ba dangin ango lasisin zagayawa asibitoci suna tambayar abin da ke cikin fayil ɗin amarya ba.

Laifi biyu ne a labarinki, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne wajen kafa hujja. Na bayanin da aka yi wa yayan saurayin ya fi sauƙin tabbatarwa, domin ya je, an san ranar, an san wanda ya yi masa bayani. A ganina ma shi ya fi muni idan likita ko nas ne ya yi bayanin, domin su sun san ƙa'ida, kunyar mai biyan kuɗi ce kawai ta rinjaye su. Na ma'aikaciyar ɗakin kati kuwa, ki yi hattara kafin ki ambaci sunanta a bainar jama'a. Zato ne mai ƙarfi, amma zato ne. Ki tuna yadda ɗakin duba ido yake a yawancin asibitocinmu: ana buƙatar tazarar mita 6 tsakanin mutum da allon haruffa, sai a sa allon a baranda ko a zauren jira. Mutum biyar suna zaune a benci idanunsu a rufe suna jiran maganin ɗigawa ya yi aiki, amma kunnuwansu a buɗe. Likita ya ɗago daga na'urar da ake ɗora haɓa ya ce da nas, "Rubuta mata gwajin suga, akwai jini a bayan idon." Duk wanda ke kan bencin ya ji. Ta nan sirri ya fi zuba, ba ta hanyar ɓarayin intanet ba. Wannan ma sakacin asibiti ne, sai dai yana nufin mai kai gulmar tana iya zama wata da kuka zauna a layi ɗaya.

Saboda haka kada ki fara da Facebook. Idan kika zargi mace da suna ba hujja, ke za a iya kaiwa ƙara kan ɓata suna, kuma ciwon da kike son rufewa ke da kanki kin baza shi. Ki rubuta takarda zuwa ga shugaban asibitin. Ki sa ranar da kika je, lambar katinki, ranar da yayan saurayin ya je, da abin da aka faɗa masa. Ki nemi kwafin fayil ɗinki, ki nemi a gaya miki su wa suka taɓa shi, ki kuma rubuta cewa ba ki yarda a yi wa kowa bayaninki ba sai wanda kika ambata da sunansa. Ki sa a buga hatimin karɓa a kan kwafinki ki adana. Asibitin da ya san abin da yake yi zai bincika, ya ba ki haƙuri a rubuce, ya hukunta mai laifi.

Idan suka yi kunnen uwar shegu, ƙofofi na gaba suna nan. Likitan ido mai fiɗa yana ƙarƙashin hukumar kula da likitoci ta ƙasa, wato MDCN, wadda ke iya ladabtar da likita har ta dakatar da shi. Masu gwada ido da masu yanka gilashi suna ƙarƙashin hukumar ODORBN. A Kano akwai hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, ita ce ta fi kusa da ke. Ana kai koke ga NDPC, haka ga FCCPC mai kare hakkin masu sayen kaya da hidima. Tsohuwar hukumar da FCCPC ta gada ce ta fitar da kundin hakkokin marasa lafiya a 2018, kuma sirrin fayil yana cikinsu. Kotu ma tana nan idan kina neman diyya, amma ki san cewa shari'a tana cin lokaci da kuɗi, kuma a zauren kotu za a ambaci ciwon a fili. Ki auna wannan da lauya kafin ki shiga.

Sai maganar da ta fi tsaya min a rai a wasiƙarki, cewa ba za ki sake faɗa wa likita komai ba. Na fahimci zafin, amma kada ki hukunta idonki saboda laifin bakin wani. Tambayoyin da muke yi kafin mu duba ido ba son jin ƙwaƙwaf ba ne. Maganin ɗigawa na timolol da ake ba masu hawan jinin ido yana iya tayar wa mai asma ciwonsa har numfashi ya gagara. Ƙwayar acetazolamide da ke sauke hawan ido tana da haɗari ga mai sikila. Ethambutol, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana iya lalata jijiyar gani, kuma idan ba a faɗa mana ana shan sa ba za mu yi ta neman dalili a wani wuri gani yana tafiya. Magungunan sitiroyid suna ɗaga suga, suna kuma iya ɗaga hawan ido. Ke kanki, da kin karɓi gilashin kawai kin tafi, da an yanka miki lambar da za ta canza cikin makonni, domin hawa da saukar suga suna canza ƙarfin gani, ciwon kuma yana ta aikinsa a ɓoye.

Abin da za ki canza shi ne yadda kike faɗa, ba abin da kike faɗa ba. Kina da ikon cewa, "Likita, ina son mu yi magana mu biyu." Wanda ya rako ki ya jira a waje, ko da shi ya biya. Ki ba da lambar wayarki ta kanki, kada ki ba da ta wani, domin ta nan ake turo sakamako da tunin ranar dawowa. Idan kuɗin ta inshora ko ta wurin aiki za a biya, ki tambayi abin da za a rubuta a takardar neman kuɗin da wanda zai gan ta. Idan aka ce za a ɗauki hoton idonki, ki tambayi na me, kuma da wace waya. Hoton cikin ido da na'ura ke ɗauka aikin magani ne. Hoton da ake ɗauka da wayar hannu a tura zauren WhatsApp na likitoci don neman shawara kuwa sau da yawa yana ɗauke da gira, da tabo, da tsagar fuska, wanda ya san mutum zai gane shi. Kada ma a yi maganar aikin ido kyauta da ake yi a garuruwa, inda ake jera tsofaffi da bandeji a ido ana ɗaukar hoto don tallan mai ɗaukar nauyi. Kyautar aiki ba ta soke neman izini.

Game da saurayinki, shawarata ki zauna da shi ki yi masa bayani da bakinki. Wanda za ki yi zaman aure da shi ya kamata ya san abin da zai shafi abincin gidanku da haihuwarku, sai dai ke ce ya kamata ki zaɓi lokaci da kalmomi, kuma wannan zaɓin ne aka ƙwace miki. Idan kin ga dama ki tafi da shi wajen likitan da ke kula da sugarki ya ji gaskiyar ciwon, domin abin da ya isa gidansu ta bakin maƙwabta na tabbata an ƙara masa gishiri.

Kada kuma fushi da asibitin ya sa ki bar bibiyar idon. Ki karɓi kwafin fayil ɗinki ki koma wani wuri idan ranki bai kwanta da su ba. Juna biyu yana iya hanzarta illar da suga ke yi wa bayan ido, don haka a sake buɗe idon a duba kafin ki ɗauki ciki, a kuma maimaita a watanni ukun farko idan an samu rabo. Ki daidaita suga da hawan jini tare da likitanki tun yanzu, sannan a sake gwada lambar gilashin bayan sugar ta zauna.