Amsa kan faɗan Bayajidda da macijiya, da zolayar masu karatu

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki, sannan na koma na karanta fitowa ukun da kika saki tare da sharhin da ya biyo bayansu kafin in ce komai. Ga waɗanda ba su bi maganar tun farko ba, 'yar'uwarmu ta ɗauki labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu ta ɗora nata labarin almara a kansa, ta mai da macijiyar aljana mai rikiɗa, ta ja faɗan nasu har fitowa uku, sai masu karatu suka mai da wurin sharhi dandalin zolaya. Wani ya tambaya ko da inji Bayajidda yake aiki tunda bai taɓa yin haki ba, wata ta ce a duba mata lafiyar gugar Ayana da aka manta a bakin rijiya tun fitowa ta farko, wasu suka ayyana kansu 'yan bayan macijiya suna neman a bar ta ta yi nasara, wasu kuma suka ce ana ɓata tarihi. Tambayarta ita ce ko ta goge faɗan ta sake rubutawa, ko ta mayar musu da martani, ko ta yi banza da su.

Ra'ayina shi ne kada ki goge, kuma kada ki yi banza da su. Na daɗe ina sakin labarai fitowa-fitowa a zaurukan WhatsApp da Facebook, kuma abin da na lura da shi shi ne sharhin da ya fi daɗin ji shi ne ya fi ƙarancin amfani ga marubuci. Wanda ya rubuta "Allah ya ƙara basira, muna jiran ci gaba" ya kyauta, addu'arsa kuma abar so ce, amma bai gaya miki ko ya karanta shafin har ƙarshe ba. Ita kuwa wadda ta tuna da guga bayan fitowa uku ta karanta ki da natsuwa fiye da duk masu yabon, domin ta riƙe abin da ke kanki kika sake. Mai zolaya yakan sa yatsa daidai wurin da rubutu ya yi rauni, sai dai ba safai yake sanin maganin ba, saboda haka akan karɓi nunin da ya yi a bar masa shawararsa.

Bari in daɗe a kan gugar nan, don a ganina a nan matsalar take. A yadda aka saba ba da labarin, Bayajidda ya iso Daura da dare, ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta shaida masa cewa ba a samun ɗibar ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijiyar da ke ciki. Ya karɓi guga ya tafi ya zura, macijiyar ta riƙe, ya jawo ta sama ya sare kanta da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya jefa kan a jaka, ya ɗebi ruwansa ya koma masauki. Wato ƙishirwa ce ta kai shi bakin rijiyar, kuma guga ce ta haɗa shi da abokiyar gabarsa. Da kika ajiye ta tun a sakin layi na biyu kika mayar da faɗan sararin samaniya, inda suke jifan juna da wuta, sai dalilin faɗan ya ɓace, wurin ma ya ɓace. Mai karatu bai san ko suna kusa da rijiyar ba ko sun bar garin gaba ɗaya, bai san abin da ke ƙarƙashin ƙafar jarumin ba, kuma wanda bai san inda mutum yake tsaye ba ba zai ji tsoron faɗuwarsa ba.

Ki gwada tunanin faɗan igiyar tana hannunsa. Ya naɗe ta a hannun hagu don kada ta kuɓuce, nauyin da ke ƙasa yana jan sa zuwa bakin rijiya, igiyar tana cin tafin hannunsa har fata ta fara saɓulewa. Ƙasar wurin busasshiya ce, tunda rabon a ɗebi ruwa tun Juma'ar da ta wuce, don haka dugadugansa suna tayar da ƙura yayin da ake jan sa. Wuƙar tana ɗaure a ƙugunsa, ba zai iya zaro ta ba sai ya cire hannun dama daga igiyar, in kuwa ya cire, hannu ɗaya ba zai riƙe nauyin ba. Dare ne, ba ya ganin komai a cikin rijiyar, huci kawai yake ji yana matsowa. Ba a kai sara ko ɗaya ba tukuna, amma ina tabbatar miki babu mai karatun da zai tuna da zancen inji a wannan wurin.

Akwai wata wahala da ta keɓanta da irin rubutun da kika zaɓa. Duk wanda ya zauna a ajin firamare a ƙasar Hausa ya san macijiyar nan za ta mutu, ya san Bayajidda zai auri Daurama, ya san za a haifi Bawo. Ba za ki iya riƙe mai karatu da tambayar wa zai ci wa ba, domin ya san amsar tun kafin ya buɗe shafinki. Abin da ya rage miki shi ne ta yaya aka ci nasarar da kuma me jarumin ya rasa kafin ya same ta. A fitowa ta farko kin rubuta cewa macijiyar ta make kafaɗarsa ta hagu da jela har ya ji ƙashi ya motsa, a fitowa ta biyu sai ga shi ya ɗaga dutse da wannan hannun ya jefe ta. Daga nan mai karatu ya gane cewa rauni a labarinki ba ya tsallake shafi, sai ya daina damuwa da kowane rauni da ya biyo baya. Haka kuma kin sanya masa sulke da lifidi, alhali lifidi kayan barde ne da dokinsa a fagen daga, auduga ce aka cusa aka ɗinke, mai nauyi da zafi, ba kayan da baƙo zai saka ya tafi ɗibar ruwa da tsakar dare ba ne, balle ya yi alkafura da shi.

In kina da hali ki kalli dambe ko da a waya ne, ki lura da yadda lokaci yake tafiya a cikinsa. Turmi uku ake yi, hannu ɗaya a naɗe, ɗayan kuma a miƙe yana kare fuska yana auna tazara, kuma mafi yawan lokacin zagaye ne da kallon-kallo da gwada juna. Bugun da ke kawo kisa, wato kayar da abokin karawa, yakan zo cikin ƙiftawar ido, da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an gama. 'Yan kallo suna kan ƙafafunsu ne saboda jiran wannan bugun. Fitowarki ta biyu kusan gaba ɗayanta "ya kai mata sara ta goce, ta kai masa sara ya goce" ce, babu jira a ciki, shi ya sa saran ƙarshe bai fi na farko nauyi ba.

Sai batun tsafi, wanda a nan ne yawancinmu masu rubuta almara muke sakin jiki. Macijiyarki ta zama wuta, ta zama hayaƙi, ta zama kyakkyawar mace, ta koma macijiya, kuma babu abin da rikiɗar ta rage mata. Masu karatunki sun tashi suna jin labarin tauri da sagau da baduhu da layar zana, kuma a duk waɗannan labaran akwai abu ɗaya da ba ya canzawa: kowane asiri yana da sharaɗi, yana kuma da makari. Wanda aka ba maganin ƙarfe ana gaya masa abin da zai kiyaye, in ya karya, ranar wuƙa za ta kama shi. Ki ba macijiyarki irin wannan doka. Misali, ƙarfinta yana nan muddin wani sashe na jikinta yana taɓa ruwan rijiyar, to kin ga jan igiyar ya zama shi ne faɗan kansa. Ko kuma maƙeran Gaya su kasance sun gargaɗe shi cewa wuƙar sara ɗaya take ci a jikin abin tsafi, in ya kuskure shi ke nan. Zaɓin naki ne, amma dole a dasa dokar tun kafin faɗa, domin makarin da ya faɗo daga sama a shafin ƙarshe ya fi rashin makari ɓata wa mai karatu rai.

Su kuwa 'yan bayan macijiya, ni a wurina albishir ne. Kin ba ta baki ta yi magana, ta ce ita ta riga mutanen garin zama a wurin, kuma hujjarta ta shiga ran wasu har suka kafa mata jam'iyya. Wannan ita ce nasarar da ta fi girma a cikin fitowa ukun, ko da yake ba ita kika nufa ba. Amma kada ki bi su. Na sha ganin marubuta a zauruka suna juya labari bisa yawan masu ihu, a raya wanda ya kamata ya mutu, a haɗa auren da bai da tushe, daga ƙarshe waɗanda suka nemi canjin su ne na farko da suke daina karantawa, saboda labarin ya zama abin da suka riga suka sani. Haƙƙin da macijiyar take da shi a kanki shi ne ta mutu da martabarta, ta yi wa jarumin illar da zai ɗauka zuwa sauran labarin.

Game da mayar da martani, ki mayar da wasa da wasa, a gajarce. Ki ce wa mai zancen guga Ayana ta aiko a gode mata, kuma gugar za ta bayyana a fitowa ta gaba, sannan ki cika alkawarin. Abin da zan hana ki shi ne dogon bayani a wurin sharhi, irin wanda marubuci yake cewa ai abin da nake nufi shi ne kaza. Duk abin da sai an yi bayaninsa a sharhi kafin a gane shi, wurinsa cikin labari ne. Zagi kuwa daban yake da zolaya, kuma kowa yana gane bambancin: mai zolaya yana magana kan Bayajidda da guga, mai zagi yana magana a kanki. Wannan ki bar wa shugabannin zaure, kada ki ɗauki hoton maganarsa ki kai wani zauren neman masu taya ki faɗa, don daga nan labarin ya tashi daga hannunki ya zama rigima.

Waɗanda suka ce ana ɓata tarihi su ne nake so ki saurara da kunne biyu, ko da ba ki yarda da su ba. Kusugu ba wuri ne na ƙirƙira ba, rijiyar tana nan a Daura cikin Jihar Katsina, mutane suna zuwa ganinta suna shan ruwanta, kuma akwai masarauta da al'umma da suke danganta asalinsu da wannan labarin. Gaskiya ne riwayoyin baka sun sha bamban a wurare da dama, kuma masana tarihi sun daɗe suna muhawara kan yadda za a fahimci labarin, amma wannan bai sa ya zama na kowa ya yi yadda ya ga dama da shi ba tare da sanarwa ba. Layi ɗaya a saman kowace fitowa, mai cewa wannan ƙirƙirarren labari ne da aka ɗora kan riwayar Bayajidda, zai kashe mafi yawan ƙorafin. Ki kuma kula da yadda kike siffanta Daurama da fadawanta.

Dalilin da ya sa na ce kada ki goge shi ne mutane sun riga sun karanta, sun kuma yi nishaɗi, gogewa za ta nuna musu cewa wasansu ya yi miki ciwo, sai masu kunya su yi shiru, marasa kunya su ƙara. Ki bar gyaran zuwa lokacin da za ki haɗa labarin wuri ɗaya, a nan ki matse faɗan ya koma fitowa ɗaya, ki karanta shi da babbar murya, sannan ki ba wani wanda bai taɓa gani ba ki tambaye shi ina jarumin yake tsaye, me ke hannunsa, kuma me yake tsoro. In ya kasa amsa ɗaya daga ciki, akwai sauran aiki.

Yanzu dai fitowa ta huɗu ce a gabanki, kuma riwayar da kanta ta tanadar miki abin da kike bukata. Da gari ya waye an ga gawar macijiya ba kai, sarauniya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe ta, mazaje suka yi ta fitowa kowa yana cewa shi ne, amma babu wanda ya iya kawo kan. Nan ne wurin dariya na halal a labarinki, ki saki alƙalami ki bar masu zolayarki su sha dariyar da suka zo nema, a kan maƙaryatan fada. Shi kuma Bayajidda ki shigo da shi a ƙarshe, hannun hagunsa a ɓoye cikin riga, ba ya iya ɗaga shi, har sai Ayana ce za ta taya shi kwance bakin jakar. In kin rubuta, ki turo mini ta akwatin saƙo in duba miki kafin ki saki.