Juya, Maida, Da Zubin Da Za A Ajiye Muryar Kalangu

Tambayoyin wannan karon kusan duka daga masu harkar sauti suka fito, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya.

Wani matashi mai situdiyo a unguwar Zariya, nan Maraɗi, ya rubuto: "Malam, na ɗauki sautin kalangu da gurmi da algaita ɗaya bayan ɗaya, na zuba su a manhajar Kontakt ina kaɗa su da fiyano. Yanzu ina son in yi musu konberti zuwa wani forma da abokaina za su iya buɗewa. Mene ne Hausar waɗannan kalmomi, kuma wanne zan zaɓa?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Ku a nan kuna cewa konberti, ƴan'uwanku na Kano suna cewa konbatin, alhali Hausa na da kalmomi biyu da suka raba aikin tun kafin a ƙera kwamfuta. Akwai juya, akwai maida. Almajirin da ya juya littafin malaminsa ya kwafe shi ne harafi da harafi, kuma a wannan ma'anar iyayenku suke cewa a juya musu kaset. Juyi ba ya taɓa abin da ke ciki. Maida kuwa fitar da abu ne daga wata siga zuwa wata, yadda ake maida waƙar ajami zuwa boko. Abin da kake son yi maidawa ce. Forma kuma ka ce masa zubi. Tsari ma ya yi, sai dai an ɗora wa wannan kalmar kaya har ta gaji: tsarin mulki, tsarin karatu, tsarin waya. Zubi ya fi kama ma'anar, don yana nuna yadda aka zuba abin a ciki.

Amma bambancin juya da maida shi ne zuciyar matsalarka, don a maidawa ake asara. Abin da ka tara hawa biyu ne. Akwai sautukan kansu, kowane bugu da fayil ɗinsa. Akwai kuma taswirar da ke gaya wa na'ura wane bugu ne zai fito in an danna wane maɓalli, da wane zai fito in an danna a hankali ko da ƙarfi. Sautukan ka bar su a WAV, zubin da Microsoft da IBM suka fitar a 1991, wanda babu manhajar sauti da ba ta san shi ba. Nauyi gare shi, minti ɗaya mai ingancin faifan CD yana cin kimanin megabait 10. In wurin ajiya ya yi maka kaɗan, zubin FLAC yana matse shi ya koma kusan rabi ba tare da ya zubar da komi ba, muddin manhajarka na karanta shi. MP3 ne nake roƙonka ka nisanta. Shi tankaɗe yake yi, kuma dusar da ya fitar ba ta komawa cikin gari. Waƙar da aka gama ana iya tura ta haka, amma bugun da za a ja shi sama, a ja shi ƙasa, a maimaita shi sau ɗari, ba a ajiye shi a MP3.

Taswirar kuwa, ni SFZ nake ba ka shawara. Rubutu ne zalla, kana iya buɗe shi da kowace manhajar rubutu ka ga layi kamar sample=kalangu1.wav key=60, ka gyara da hannunka, sautukan kuma suna nan gefe ba a kulle su ba. Akwai manhajar kyauta mai suna Sforzando da ke kaɗa shi. Zubin NKI na Kontakt mallakar kamfanin Native Instruments ne na Jamus, kuma rumbun sautin da mutum ya haɗa da kansa ba ya zama daram a Kontakt na kyauta, sai wanda ya sayi cikakken. Ka sani kuma, duk wata dabara da aka rubuta da harshen umarni na Kontakt ba ta bin kaya in an maida, sai ka sake gina ta. Ka ajiye na asali a wuri biyu kafin ka taɓa komi, bayan ka maida kuma ka saurari maɓallan ɗaya bayan ɗaya, musamman dogon busan algaita, don wurin da aka ɗinke sauti ya riƙa zagayowa shi ne ya fi saurin ɓacewa.

Wata ɗaliba daga Tasawa ta ce: "Malam, daidai ne a ce ɗakin karatu na sauti?"

A'a, ƴata. Babu mai karatu a ciki. Rumbun sauti, ko taskar sauti.

Wani daga Tibiri ya ce shi SF2 ya saba da shi, amma duk sanda ya sa wa fayil suna da Hausa sai haruffan su lalace.

Ka taɓo inda ke mini ciwo, ɗan'uwa. SF2, wato SoundFont, ya fito ne a 1996 daga kamfanonin E-mu da Creative. Alherinsa shi ne yana ƙulle sauti da taswira a fayil guda, ga sauƙin turawa, ga manhajoji da yawa na waya da kwamfuta suna buɗe shi. Sai dai gurbin suna a cikinsa haruffa 20 ne kacal, kuma an yi shi ne don baƙaƙen Ingilishi, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Wannan uzuri ne a cikin SF2, kuma na karɓa. Abin da ban karɓa ba shi ne a ɗauki lalurar na'ura a maida ta ɗabi'a, har mutum yana rubutu a wayar da ke da waɗannan haruffa amma ya ƙi lanƙwasa su. Kara daban, ƙara daban. A rumbun sauti kuwa, inda ƙara ita ce hajar, wanda ya rubuta "kara" ya bar mai buɗewa yana tunanin sarewar kara ake nufi. Dabarar ita ce ka sa gajeren suna marar lanƙwasa a fayil, sannan ka haɗa da takarda a gefe mai cikakkiyar Hausa: sunan abin kiɗan, garin da aka ɗauka, irin bugun, da yardar makaɗin. Manhajar Polyphone kyauta ce, tana fitar da SF2 zuwa SFZ in ka so.

Tun da muna kan suna, ku daina jibge komi ƙarƙashin "kiɗa". Ana kaɗa kalangu da kotso da molo da gurmi, ana goga goge, ana busa algaita da kakaki da sarewa. Na ga rumbun da aka rubuta "kiɗan kakaki". Mabusan fada ba za su yarda da wannan ba, kuma da gaskiyarsu. Kalangu ma bugu ɗaya ba ya wakiltarsa. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, da haka yake bin karin harshen Hausa har mahauta su ji kirarinsu ba tare da an buɗe baki ba. Wanda ya ɗauki bugu ɗaya ya shimfiɗa shi a maɓallai ya samu ganga, bai samu maganar ba. A ɗauki na matse daban, na sake daban, da wanda ke hawa bayan an buga, kowanne da sunansa.

Wani ya tambayi asalin "samfur".

Aro ne daga Ingilishi, ya daɗe a bakin ƴan kasuwa, kamar a ce sabon samfurin atamfa. Samfurin sauti daidai ne, ku yi amfani da shi.

Wani tela daga Sabon Gari: "In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, ko sauya ake cewa?"

Duka biyun ana ji, kuma ma'anar ɗaya ce: in hali ya sake, dabara ma ta sake. Canza aro ce, sauya da sake namu ne na gado. A magana ta yau da kullum ban hana kowa canza ba, amma a karin magana na fi son jin sauya.

Ta ƙarshe daga Madarumfa: ƴan kanzagi da ƴan amshi ɗaya ne?

A asali ba ɗaya ba ne. Kanzagi ƙaramar ganga ce mai rakiyar babba, ƴan amshi kuwa da baki suke karɓa wa mawaƙi. A zancen siyasa ne aka haɗe su, ana nufin masu bin bayan babba ba tare da nasu ra'ayin ba.