Sabon shiga zauren marubuta: me zai iya bayarwa?

Ƙanena, ka ce an saka ka a zauren marubuta na intanet, kana Sakkwato, ba ka taɓa buga littafi ba, kana jin nauyin buɗe baki. To, masu turo labari sun yi yawa, masu karantawa da idon basira ne suka yi ƙaranci. Idan wani ya saki babi, kada ka tsaya ga "Ma sha Allah, Allah ya ƙara basira". Nuna masa, misali, cewa a shafi na biyu matar ta tafi kasuwa, a na uku kuma ga ta tana tuƙa tuwo, ba a ce ta dawo ba. Gyaran da zai sosa rai kuwa, ka aika masa shi kaɗai.

Sannan kana da abin da 'yan Kano da Kaduna ba su da shi, wato Sakkwatanci. Da yawa suna sako Basakkwace a labari don a yi dariya kawai, zancen nasa kuma ba haka muke yin sa ba. Gyara musu. Mai rubutu kan jihadin 1804 kuma, ai kai ne kusa da Hubbaren Shehu da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, inda ake ajiye tsofaffin takardun Larabci da ajami. Je ka dubo masa.

Naka rubutun ka fara da gajere, ka sa ƙ da ɗ da ɓ a muhallinsu. Labarin wani kuma ba a kwashe shi zuwa wani zaure sai da izininsa.