Rijiyar lambu na warin fetur: yasa za ta magance?

Wani manomin rani daga Rigasa ya aiko da tambaya: "Rijiyar da nake ban ruwan latas da kabeji ta fara warin fetur, kuma akwai gidan mai a kusa. Maƙwabta sun ce in sa inji in kwashe ruwan tas, sabo zai ɓuɓɓugo. Haka ne?"

Malam, Allah ya sauwaƙe. Kada ka sa injin nan. Rijiya ba randa ba ce da za a wanke a sake cikawa. Ruwanta daga ƙarƙashin ƙasa yake tsattsafowa, kuma can man yake. Kana ja da ƙarfi, kana ƙara janyo gurɓataccen ruwan wajenka. In kuma ka zubar da shi a kwata, ka tura wa masu lambun bakin Kogin Kaduna ne.

Zancen maƙwabtanka dai yana da tushe. Akwai hanyar da injiniyoyi ke bi ta zuƙo ruwa a tace. Suna haƙa rijiyoyin burtsatse a gefen da ruwan ƙasa ke gangarawa, su zuƙo shi, su bi da shi ta cikin gawayi na musamman, ko su busa masa iska har sinadaran man su fice, kafin a sake shi. Amma fetur yakan zauna a saman ruwa ya maƙale a ƙasa, a nan Kaduna har cikin tsagogin dutse, yana narkewa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa aikin ke cin shekaru, wani lokacin gommai, kuma sau da yawa ana kashe famfo gubar ta dawo. Muddin tankin gidan man da ke yoyo na nan, asarar dizal ɗin inji ce kawai.

Abin da ya fi damuna sinadarin benzin ne da ke cikin fetur, mai jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 0.01 a lita. Don haka kada a sha, ko da an tafasa, kada a ba dabbobi, kada a wanke ganyen kai wa kasuwa da shi.

Ku haɗu da maƙwabta da mai unguwa ku kai ƙorafi a rubuce ga hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, da kuma NOSDRA mai kula da malalar mai. Ku nemi a gwada ruwan a kuma binciki tankin. Kafin sakamako ya fito, ka nemi wani ruwan, ko da za ka rage kadada bana.