Ba ni da digiri, zan iya bincike?

Tambaya: Inna, ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin jarirai a Tawa. Ina so mu riƙa ɗora bakwaini a ƙirjin uwarsa, amma shugabarmu ta ce haka muka tarar, kwalbar ɗumama jarirai ta isa. Ba ni da digiri, wa zai saurare ni?

Amsa: Ɗiyata, kada ki yi mata gardama a gaban mutane, ki kai mata hujja a ofishinta. Wannan dabara daga Bogota, babban birnin ƙasar Kolombiya, ta fito a 1978, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ta da zarar an haifi bakwaini. Fatar uwa tana ɗumama jariri, nono ya samu, ko wutar lantarki ta ɗauke, abin da kin fi ni sani.

Ki nemi izinin duba rajistarku: nauyin haihuwa, zafin jiki, kwanakin da jariri ya yi, da yadda ya fita. Kada ki rubuta sunan kowa. Ki sa shugabar cikin aikin, sunanta a gaba. In abin ya girma, ki nemi malami a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da amincewar kwamitin ɗa'a kafin ki wallafa.